Runduna ta Biyar ta Noel Pengilly

An yi yaƙin Rocroi a garin Ballarat ranar Asabar ta biyu a watan Yuli, a kan tebura shida da aka haɗa aka lulluɓe da koren bargo, kuma Sifaniyawa sun sha kashi a hannun Faransawa kamar yadda suka sha a shekarar 1643. An fara da ƙarfe goma na safe, aka tashi huɗu da minti ashirin na yamma. Cikin 'yan sojojin dalma sama da ɗari shida da aka jera, ashirin da bakwai sun hau teburin ba a gama yi musu fenti ba, abin da ƙungiyar masu wannan wasa ba ta taɓa yarda da shi ba a shekara arba'in da ɗaya. Mai su, Noel Pengilly, bai ga ko ɗaya a kan teburin ba. Yana kwance a gadon jinya, tafiyar minti goma a mota daga zauren.

Wanda ya zaɓi yaƙin abokinsa ne, Lindsay Tregear.

Lindsay yana da shekara saba'in da biyu, ya yi ritaya daga aikin ba jiragen ƙasa hannu. Noel ya girme shi da shekara biyu, kuma gyaran agogo ya yi har shagonsa ya rufe. Tun suna da baƙin gashi suke haɗuwa kowace Asabar a zauren da ke bayan wani tsohon coci, su da wasu dattawa goma sha biyu, suna sake buga yaƙoƙin zamanin dogon mashi da bindigar adaka, lokacin da mai bindiga kan yi harbi ɗaya ya ruga bayan masu mashi ya sake ɗuri. Kowane soja bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba. Da tef ake auna tafiyarsa, ƙwayar ludo kuma ita ke yanke wanda ya mutu da wanda ya gudu.

Sau ɗaya a shekara, a tsakiyar sanyin Yuli, domin a ƙasarsu Yuli ne hunturu, ake yin babban yaƙi. A watan Fabrairu ake zaɓensa, bi da bi, bisa jerin sunayen da ke manne a bayan ƙofa. In mai layi ya ambaci yaƙi, ya zauna ke nan, kuma yadda littafin tarihi ya jera rundunonin haka za a jera su. Akwai kuma dokar da ta girmi yawancin kujerun zauren: sojan da ba a gama wa fenti ba, ba ya hawa tebur.

Shekara goma sha ɗaya Noel ya yi yana fentin sojojin Sifaniya. Mutum ne mai sa wa soja ƙwayar ido da maɓallin riga, abin da ba mai gani sai ya ɗauko gilashin ƙara girma. Ya gama runduna huɗu, kowace mai mutum talatin da shida, masu mashi a tsakiya, 'yan adaka a kusurwoyi. Ba su taɓa fita daga akwatinsu ba, kullum da aron sojojin wasu yake wasa. A shekara biyun ƙarshe hannunsa na dama ya fara rawa. Kowa ya gani, ba wanda ya yi magana.

Ranar zaɓe ana zafi, fanka ɗaya ke juyawa a zauren, amma duk da haka shayi ake sha. Sakataren ƙungiya, Con Vlahos, wanda ya shekara talatin yana soya kifi da dankali a bakin tasha, ya buɗe littafinsa.

"To, Janar," ya ce wa Lindsay, "bana kai ne. Faɗa mana inda za mu mutu."

"Kafin ya buɗe baki," in ji Noel, "ina da 'yar shawara."

"Ba layinka ba ne, Mai Agogo. Naka sai baɗi."

"Shawara na ce, ba juyin mulki ba." Noel ya zaro wata takarda daga aljihu, ya danne ta a kan tebur da hannun hagu. "Akwai wata 'yar arangama a bakin gada. Layi biyu littafi ya ba ta. Runduna biyu a nan, biyu a can, da rafi a tsakani. Yarana a shirye suke. Ko a watan gobe sai a buga."

Aka yi dariya. Wani ya ce wannan ai faɗan kasuwa ne, kafin ruwan shayi ya tafasa an gama.

Lindsay bai yi dariya ba. Tun Kirsimeti ya yanke shawararsa, kuma saboda Noel ya yanke ta. A ganinsa sojojin da aka shekara goma sha ɗaya ana yi wa ado ba a fito da su a bakin wata gada marar suna. A Rocroi ne dakarun ƙasa na Sifaniya suka tsaya su kaɗai bayan mahayansu sun watse, igwa tana cin su, suka ƙi gudu. Wannan ce ranar da ta dace da aikin Noel. Yana kuma da wani tunanin da bai gaya wa kowa ba: in aka sa wa mutum rana a gaba, hannunsa zai daure.

"Rocroi," ya ce.

Zauren ya ɗauki sowa. Con ya ɗaga kai daga littafi.

"Runduna nawa littafinka ya ba Sifaniyawan?"

"Biyar."

"Nawa kake da su, Noel?"

"Huɗu."

"Wata biyar ne fa kawai," in ji Con. "Wannan mutumin in ya kama gemun soja ɗaya sai ya yi sati."

"Zai iya," in ji Lindsay. "Ko ba haka ba, tsoho?"

Noel ya naɗe takardarsa ya mayar aljihu. "Sannu ba ta hana zuwa," ya ce.

Con ya rubuta Rocroi da biro.

A ƙarshen Afrilu Lindsay ya je gidan Noel da hantsi. Ya same shi a ɗakin kwano da ke bayan gida, inda yake aikinsa. Noel ya ɗora wuyan hannunsa a kan wata 'yar jakar yashi, ya riƙe shi da hannun hagu, yana jiran rawar ta lafa. In ta lafa sai ya ɗiga fenti sau ɗaya, ya sake jira. A kan faranti akwai sojoji shida da aka gama. Sauran talatin suna tsaye a sahu da shafen farko kawai, ruwan toka daga hula har takalmi.

Lindsay ya ƙirga su da ido, ya ƙirga makwannin da suka rage.

"Ka ba ni rabi," ya ce. "In yi musu riga da wando, kai ka yi fuska."

"Kai?" Noel bai ɗago ba. "Na ga dawakanka. Wanda bai sani ba sai ya ce shanu ne aka tsoma a miya."

"Daga nesa ba mai ganewa."

"Ni zan gane. Su ma za su gane." Ya ajiye burushin a hankali. "Ka bar wannan. Ga abin da nake so. Ka zo ran Lahadi da Faransawanka, ko runduna biyu. Marj za ta kwashe kwanukanta daga teburin kicin, mu sa gwangwanin biskit ya zama tudu. Awa biyu kawai."

"A teburin kicin?"

"Ka san dai camfinmu. Sabon fenti shi ke fara gudu. Gara su yi gudunsu a kicin, inda ba mai gani sai kyanwa."

Lindsay ya yi dariya, domin kowa a ƙungiyar ya yarda da wannan camfi, har waɗanda ba sa yarda da komai. Amma ya girgiza kai.

"Haba, Noel. Shekara goma sha ɗaya, sannan fitarsu ta farko ta zama tsakanin kwalbar gishiri da ta barkono? A'a. A babban tebur za su fito, su biyar, da tutocinsu, kowa ya miƙe tsaye. Kada ka ɓata abin."

Noel ya dube shi. "To, Janar," ya ce, ya sake ɗaukar burushi.

Marj, matar Noel, ta raka Lindsay har ƙofar shinge, abin da ba ta saba yi ba. Tana riƙe da tsumman goge kwano.

"Lindsay, ka canza yaƙin nan."

"Ba a canzawa, Marj. An riga an rubuta."

"Wa ya rubuta? Ba Con ba ne? Mai soya kifi?"

"Haka ake yi tun farko."

"To ku buga da huɗun."

"Littafi ya ce biyar."

Ta dube shi kamar yadda ake duban yaron da ya zo da tsohuwar ƙarya. "Jiya maɓallin rigarsa ni na sa masa. Ta jikinsa nake nufi, ba ta sojan ba. Ku dattawa goma sha huɗu, ba wanda yake da ido?"

"Abin yana ba shi ƙarfi," in ji Lindsay.

"Ƙarfi," ta ce. Ta rufe ƙofar shingen.

A watan Mayu Noel ya sake tayar da maganar kicin, a waya. Lindsay ya ce saura mako bakwai kawai, a daure. Noel bai ƙara tayar da ita ba.

Ranar Talata, ashirin da biyar ga Yuni, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, Marj ta kai masa shayi ɗakin kwano ta same shi a ƙasa. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ɓarin dama ya tafi, magana ma ta tafi. Bayan kwana goma aka mayar da shi sashen masu doguwar jinya. A kan farantin da ya bari akwai soja tara da aka gama, ashirin da shida masu ruwan toka, da guda ɗaya mai riƙe da tuta wanda aka yi wa fuska da hula, sauran jikinsa toka.

Lindsay ya je dubiya sau uku. Duk zuwan yakan zauna ya ba da labarin sanyi da na ƙwallo, ya tashi. Bai ambaci Rocroi ba. Ya gaya wa Con a soke wasan. Con ya ce a shekara arba'in da ɗaya ba a taɓa sokewa ba, ko shekarar da rufin zauren ya yi yoyo, amma za a iya aron Sifaniyawan wani mutum a garin Geelong.

Ba a kai ga aron ba. Ranar wasan, tara da rabi na safe, ana yayyafi, Marj ta tsayar da mota a ƙofar zauren. Ba ta taɓa shiga wurin ba. Ta buɗe bayan motar, akwatuna biyar na katako suna jere a kan bargo.

"Ku zo ku ɗauka," ta ce. "Bayana ba na ɗaukar dalma ba ne."

Aka shigo da su. Lindsay ya buɗe na farko, kowa ya matso. Aka jera runduna huɗu a tsakiyar koren bargon, kowane mashi a tsaye kamar karan dawa, tutoci ja da rawaya. Mutane suka sunkuya da gilasansu. Wani ya ce, "Kai, ku duba, wannan har da tabo a kunci." Ba wanda ya ce a miƙe, amma ba wanda yake zaune.

Marj ta buɗe akwati na biyar da kanta.

"Waɗannan fa, ina ne wurinsu?"

Aka dubi Con. Con ya dubi akwatin, ya shafa ƙeya.

"Marj, kin san ina ganin girmanki. Amma akwai doka. Taran nan za su iya hawa. Sauran..."

"Littafi ya ce biyar," ta ce. Ba Con take kallo ba. "Ko ba haka ka gaya mini ba, Lindsay?"

Lindsay ya ji duk zauren ya juyo gare shi. Shi ne ya taɓa hana wani baƙo daga garin Bendigo ɗora igwa ɗaya saboda ba a yi wa ƙafafunta fenti ba, mutumin bai sake dawowa ba.

"Haka na ce," ya amsa. Ya sa hannu ya ɗauko sahun farko na masu ruwan toka, ya ajiye su a hannun dama na sauran. Ya ɗauko na biyu.

"Janar," in ji Con.

"Ka rubuta sunana a littafinka. Ni na ɗora."

Con ya dubi sahun masu ruwan tokar. Sannan ya cire tabaraunsa, ya ninke, ya sa a aljihun riga.

"Ni dai yau idona ba ya gani sosai," ya ce. "Duk ja nake ganinsu. Wa ya ga tef ɗina?"

Tun Fabrairu aka raba wa kowa matsayinsa, kuma Lindsay ne babban kwamandan Faransawa. Ya nemi wani ya karɓe shi, ba wanda ya yarda. Wurin Noel kuwa, Con ya ce shi zai riƙa matsar da sojojin, amma ba zai jefa ƙwaya a madadin mutumin da ke da rai ba. Ya miƙa wa Marj kofin da ake girgiza ƙwayar ludo a ciki.

"Me zan yi da shi?"

"Ki girgiza ki zubar. In kin ga shida, ki yi murna. In kin ga ɗaya, ki zagi Lindsay."

"Wannan ba sai na ga ɗaya ba," ta ce, aka yi dariyar farko ta ranar.

Kafin a tashi cin abincin rana mahayan Sifaniya sun watse, kamar yadda aka zata. Aka ci burodi mai nama a tsaye, aka koma. Lindsay ya jawo igwoyinsa gaba, ya auna da tef, inci goma sha takwas, ya jefa ƙwaya. Runduna ta farko, wadda Noel ya fi daɗewa a kanta, ta gudu a harbi na biyu, Marj ta jefa ɗaya da biyu.

"Sabon fenti," wani ya faɗa a hankali.

Ta biyu da ta uku sun ɗan daure. Duk sojan da ya faɗi, Con yakan ɗauke shi da yatsa biyu ya kwantar a akwati a kan auduga. Da ƙarfe uku da rabi ta huɗu ta karye. Saura ta biyar, a kewaye ta ko'ina.

Lindsay ya yi mata ruwan igwa sau uku. Sau uku Marj tana jefa abin da ya isa su tsaya.

"Su waɗannan ba su san an ci su ba ne?" ta tambaya.

"Ba a yi musu ido ba tukuna," in ji Con. "Ba su ga abin tsoro ba."

A ƙa'idar wasan, in runduna ɗaya ta rage a kewaye, mai nasara yana iya yi mata tayin ta fita da tutarta. Lindsay ya ajiye tef ɗinsa ya yi tayin. Marj ta tambayi Con ko Noel zai karɓa. Con ya ce Noel bai taɓa karɓar tayin kowa ba, ko na ɗaukar masa jaka. Ta ce to ita ba Noel ba ce, ƙafafunta sun gaji, ta karɓa. Mutum goma sha ɗaya suka rage a tsaye, takwas daga cikinsu masu ruwan toka, har da mai tuta. Con ya mayar da tabaraunsa ya rubuta lokaci.

Washegari da rana Lindsay ya je wurin Noel da hotuna a waya, da mai tutar a naɗe cikin hankici. Marj tana zaune a gefen gado. An tayar da kan gadon, fuskar Noel tana kallon taga.

"Sun fita, tsoho," in ji Lindsay. "Su biyar."

Ya riƙe wayar a gaban idonsa yana turawa ɗaya bayan ɗaya. Idon Noel yana kan wayar. Ko yana kan hotunan, Lindsay bai iya cewa ba.

"Ta farko ta gudu. Kai ka faɗa." Ya sauke wayar. "Da mun buga a kicin ɗin."

Marj ta juya ta gyara labule, wanda ba abin da ya same shi.

Lindsay ya kwance hankicin, ya sa mai tutar a tafin hannun hagu na Noel.

"Saura ashirin da bakwai har da wannan. Ina so in ƙarasa su. Na san abin da ka ce game da dawakaina. Zan yi a hankali, ba zan taɓa fuska ba. In ka yarda ka sakar mini shi. In ba ka yarda ba ka riƙe."

Yatsun Noel suka rufe a kan sojan. Suka zauna a rufe.

Lindsay ya jira. Da ma'aikaciyar jinya ta shigo duba shi, ya tambaye ta ko wannan amsa ce. Ta ce ba za ta iya cewa ba. Masu irin wannan ciwo sukan damƙe duk abin da aka sa musu a hannu, cokali ko gefen bargo, wasu kuma da nufi suke yi. Ta ce a sa ido kada tsinin tutar ya soke shi.

A bakin ƙofa Marj ta ce akwati na biyar yana bayan motarta, ya ɗauka in yana so.

"In yi musu fentin?"

"Ni ka tambaya game da yaƙin?" ta ce. "Kada ka tambaye ni wannan."

Ya ɗauki akwatin. Yau mako shida ke nan yana kan teburin kicin ɗin Lindsay. Ya sayi burushi sabo mai bakin allura, bai cire shi daga leda ba. Mai tutar yana kan durowar gefen gadon Noel, kuma ma'aikatan sun ce wasu ranakun sukan same shi a hannunsa, ba su san wanda yake sa masa ba. Likitoci ba su ce magana za ta dawo ba, ba su ce ba za ta dawo ba.

A jerin da ke bayan ƙofar zauren, sunan da ke bin na Lindsay Tregear shi ne Noel Pengilly. Zaɓen Fabrairu nasa ne. Con bai soke sunan ba, bai kuma gaya wa kowa abin da za a yi ranar ba.